Goro Ɗaya Tsakanin Landan da Faris

Ina kwance a asibiti aka sace Najma. Wannan nake so a fara sani, domin da ƙafata tana ƙasa, ba a haifi mutumin da zai shiga gidan Abu Rashid ya taɓa tsuntsuwar nan ba.

Ni ne Ɗantala, mutumin Ɗansadau. Ban taɓa zama aji ba, ko sunana aka rubuta sai an nuna mini. Amma tun kafin in yi gemu nake bin sawun shanun sata a daji. An harbe ni a cinya, na tashi. Kububuwa ta sare ni, ita ce ta mutu. Motarmu ta mace a tsakiyar Sahara, waɗanda suka bi bayana su ne suka ga gida. To, aikin ƙaba ne zai kayar da ni? Likita ya ce in kwanta sati biyu, na ce masa shi ya kwanta, da alamar gajiya a idonsa.

Najma macen shaho ce, fara tas, ta fi gidan bene tsada. Shekara da shekaru ni ke kula da tsuntsayen farautar kafil ɗina, wato ubangidan da ya ɗauko ni aiki, Abu Rashid, a gidansa da ke unguwar Gharrafa a Doha. In zafi ya tsananta, masu gida sukan tafi Turai su sha iska, tsuntsaye kuwa su zauna a ɗakinsu mai esi, na'urar sanyi, wanda aka shimfiɗe da yashi, suna sake gashi.

Ranar Talata na sauko daga tasi da ɗinki a mara, sai na tarar da Wakili, Basudanen da aka bar wa riƙon gidan, ya tsare Ɗanladi a bakin get. Ɗanladi mutumin Zonkwa ne, mai gyaran esi, matarsa Roseline kuwa nas ce, ita ta yi jinyata.

"Khalas, Baba, an gama," in ji Wakili. "Najma ba ta kan turkenta. Kyamara ta nuna ba wanda ya shiga gidan nan sai wannan, ya shiga da akwati, ya fita da akwati."

"Akwatin kayan aikina ne!" in ji Ɗanladi. "Kai ka kira ni, ka ce esin tsuntsaye ya tsaya. Baba, ko kallon tsuntsun ban yi ba, tsoronsa nake ji."

Wakili ya riga ya karɓe katin zamansa ya sa a aljihu. Ya ce Abu Rashid zai sauka ranar Asabar. In ya zo ba tsuntsuwa, 'yan sanda za a kira, daga nan kurkuku, daga kurkuku sai jirgin gida.

Na ce, "Wa ya taka yashin ɗakin bayan shi?"

"Ba kowa. Ni daga bakin ƙofa nake jefa musu abinci."

"Tsoronka ya yi amfani yau. Buɗe mini."

*

Yashi bai taɓa yi mini ƙarya ba. Na durƙusa, ɗinki yana ja na, na ce masa ya yi haƙuri.

Takalmin Ɗanladi mai kaurin ƙasa ne. Ya shigo, ya bi jikin bango har ƙarƙashin esi, ya kafa tsani, ya koma ta inda ya fito. Ya ma yi kwana ya kauce wa turakun kamar mai wuce kare.

Amma akwai sawu na biyu, kuma ba daga ƙofar gaba ya shigo ba. Ta ƙaramar ƙofar baya ya zo, inda ake fitar da shara, inda ba kyamara. Mutumin ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya shigo da safa, kuma da ƙafar dama ya fara shiga. Da na ga haka na ce a raina, wannan namu ne, ya saba shiga ɗakin mutane da ladabi, har sata bai manta ba. Ya je gefen hagun Najma ya tsuguna, bai tsaya a kanta ba. Gashi ko ɗaya bai zuba ba, ba ta yi fiffike ba. Ke nan sai da ya rufe mata ido da hular fatarta kafin ya ɗauke ta. Wanda ya yi haka ya sha zama yana kallona ina aiki.

Nan ne matsalar take. Rabin samarinmu na Doha sun zo sun zauna a ɗakin nan suna shan sanyi, suna ɗaukar hoto da tsuntsaye, ina ba su labarin daji.

Na bi sawun waje. Ya miƙe zuwa katangar da ta raba mu da gidan Abu Fahad, ƙanen maigida. A can ya ƙare.

"Gidan nan a kulle yake tun farkon zafi," in ji Wakili. "Duk suna Landan, har direbansu Shamsu."

Wannan gaskiya ne a wurin kowa. Ni kaina ina wurin da aka yi wa Shamsu, yaronmu ɗan Kano, bankwana, liman ya yi addu'a, muka shafa. Kullum yana turo hotuna a waya: ga jar bas, ga gada, ga Turawa da karnuka. Na ɗaga kai na ga wani esi a saman benen yana ɗigar ruwa. Na nuna wa Wakili, ya ce Larabawa ba sa kashe esi in za su yi tafiya, don kada kayan ɗaki su lalace. Wannan ma gaskiya ne. Amma na ajiye abin a raina.

*

Kafin la'asar labari ya isa unguwar Bin Mahmud. A can Hajiya Rahmatu ke tuƙa tuwo duk Juma'a a falonta, mu taru, Musulmi da Kirista, faranti ɗaya. Sai ga shi magana ta canza. Wasu namu suna cewa ai dama su masu gyare-gyaren nan kowane ɗaki suna shiga. Mutanen Ɗanladi kuma suna cewa don shi ba ya salla ne aka rataya masa. Rahmatu ta kira ni ta ce, "Baba, in ba ka yi wani abu ba, Juma'ar nan faranti biyu zan jera."

Roseline ta zo ɗakina da kayan aiki a jikinta. Ba ta zauna ba.

"Baba Ɗantala, yaranmu biyu suna makaranta a Jos. In aka kore shi da sunan ɓarawo, wane gida zai sake buɗe masa ƙofa? Ko a coci an fara kallona."

"'Yata, ke kika riƙa juya ni a gado kamar waina, kina yi mini faɗa in sha magani. Kin taɓa ganin na ce zan tashi ban tashi ba?"

"Na ga ka faɗi a banɗaki."

"Santsi ne. Ki je ki ce wa mijinki ya ci abinci. Ƙafarsa ta riga ta wanke shi a wurina, saura in wanke shi a wurin mutane."

Ta duba ɗinkin, ta ce ban da hankali, ta tafi.

*

Shaho ba ya cin shinkafa. Duk wanda ya ɓoye Najma dole ya nemi ɗanyen nama mai jini. Washegari na hau jirgin ƙasa na sauka tashar Mushairib, na taka zuwa kasuwar tsuntsaye. Masu tantabaru duk sun san ni. Na tambayi wani Bafakistane ko wani baƙar fata ya saba zuwa saye kwanan nan.

"Akwai. Dogo, mai tsage a kumatu. Duk sati."

Mutum ɗaya na sani mai wannan kama: Issifu, ɗan Zangon Kumasi, mai gadin get ɗinmu. Kuma yana da makullin ƙofar baya.

Na same shi a ɗan ɗakinsa na bakin get, na tsaya a ƙofa na tare hasken.

"Issifu, tantabaru nawa ka saya jiya?"

Ya zabura, ya tura wani abu ƙarƙashin gado da ƙafa. Na ce a raina an gama. Na sa sanda na jawo abin. Tukunya ce, cike da farfesun tantabara, har da citta da kanumfari.

"Baaba, don Allah kada ka gaya wa Wakili," in ji shi. "Mutanen Gana nake sayar wa. In ya ji ina girki a get, zai kore ni."

"Miƙo ƙafarka."

Ya miƙo. Ƙafa kamar faifai, ta ninka sawun da na gani. Na ce ya zuba mini farfesun tun da na riga na zo. Ina ci yana ba ni labari cewa mai tantabarun ya taɓa ce masa wani baƙar fata irinsa ma yana zuwa saye da tsakar rana, amma da takunkumi da baƙin tabarau, ba a ganin fuskarsa. A garin nan kuwa rabin mutane haka suke yawo. Na koma ɗaki da cikakken ciki da hannu wofi.

Ranar Alhamis sai ga saƙo ya zagaya: Shamsu ya dawo daga Turai. Wai Abu Fahad ya turo shi gaba ya shirya motoci kafin iyali su iso. Gobe bayan Juma'a zai raba tsaraba a gidan Rahmatu.

Na tuna katangar nan. Na tuna esin da ke ɗiga. Na kuma sa Issifu ya sake nuna mini hotunan a wayarsa, na ga ba ko ɗaya da Shamsu ke ciki. Amma zato ba ya fitar da mutum daga hannun 'yan sanda, kuma ba zan fasa gidan ƙanen kafil ɗina a kan zato ba. Na kira Roseline na ce gobe ta zo da mijinta. Na ce wa Wakili shi ma ya zo ya ɗanɗana miyar kuka.

*

Falon Rahmatu ya cika, kuma faranti biyu ta jera. Ɗanladi da Roseline suna can gefen taga, ba mai ce musu sannu. Shamsu yana tsakiya kan kujera, sanye da kwat mai dogon hannu, a watan da ƙarfen ƙofa ke ƙona yatsa.

"Shamsu, ba ka jin zafi?" in ji Rahmatu.

"Hajiya, jiki ya saba da can. Sai a hankali."

Aka yi dariya, aka ce Bature ya dawo. Ya raba cakulan da ƙananan turare da abin rataya makulli mai siffar dogon ƙarfen nan na Faris. Ya ba da labarin ruwan sama da rana mai kaiwa ƙarfe tara ba ta faɗi ba. Ya iya baki, wannan ba zan hana shi ba. Da ya zo kan maganar Najma ya girgiza kai, ya saci kallon Ɗanladi, ya ce, "Allah ya kyauta. Mutum ka yarda da shi har ɗaki."

Na gyara zama.

"Ɗana, barka da hanya. Ka san duk ɗakin nan ni da kai kaɗai muka taka Turai. Marigayi baban Abu Rashid ba ya tafiya sai da ni, don ba mai dafa masa gahawa kamar ni. Har Faris kuka je?"

"Har Faris, Baba. Daga Landan muka tashi."

"A jirgin sama?"

"A jirgin sama mana. Su Abu Fahad za su shiga mota ne?"

"Yaya ka ga tafiyar? Ni ta ba ni wuya."

"Kai, Baba, doguwa ce. Ƙarfe biyu muka tashi, huɗu da kwata muka sauka. Awa biyu da kwata cur muna sama. Na ci abinci, na yi barci, na farka, na ƙara wani barcin, ba mu iso ba."

Na sa hannu a aljihu na fito da goro, na ɗaga shi kowa ya gani.

"Jama'a, ni ban iya agogon Turawa ba. Da wannan nake auna tafiya. Daga Doha zuwa Landan, goro biyar nake ci, har da barci a tsakani. Daga Landan zuwa Faris kuwa, sau huɗu na yi ta. In jirgi ya ɗaga hanci in ɓare goro ɗaya. Ɓari na biyu yana bakina taya ke dukan ƙasa. Ko gahawar da na zuba wa tsoho ba ta gama hucewa. Ruwa ɗan siriri za ka gani a ƙasa, ka ɗauka kogi ne, sai a ce a ɗaura bel. Kai kuma a ina ka samu wurin barci biyu?"

Shamsu ya yi dariya, ya juya ga samari. "Baba ya tsufa. Yanzu da goro za a gwada jirgi? Ga shi a rubuce a wayata, Madam, matar Abu Fahad, ce ta turo. Tashi biyu, sauka huɗu da kwata. Wanda ya iya karatu ya duba."

Wayar ta zagaya. Wani ya ce, "Haka ne fa, Baba." Wani ya ce ƙila jirgin da na hau na masu gaggawa ne. Gabana bai faɗi ba. Goro bai taɓa cin amanata ba, sai dai ban san ta inda takardar ta karkace ba.

Roseline ce ta miƙe, wayarta a hannu.

"Ku dakata. Tsakanin Landan da Faris kilomita ɗari uku ne da 'yan kai, kamar Kano zuwa Abuja. Awa ɗaya da kwata jirgi ke yi. Agogon Faris yana gaban na Landan da awa ɗaya, shi ya sa a rubuce yake kama da biyu da kwata. Wanda ya zauna cikin jirgin ya san awa ɗaya ya yi." Ta dubi Shamsu. "Wanda ya karanta kawai, shi ne zai ce biyu."

"Kano zuwa Abuja?" Rahmatu ta ajiye ludayi. "Ni da na yi ta, ko lemon da aka ba ni ban shanye ba!"

Na miƙe da sandata, ɗinki ko motsi bai yi ba.

"Shamsu, awa ɗayan nan da ka yi barci a cikinta, Allah bai halicce ta ba. Ba ka hau jirgin nan ba. Ba ka je Landan ba. Kana bayan katangarmu, kana fita da tsakar rana lokacin da ko kyanwa ba ta taka titi. Tuɓe kwat ɗin."

"Baba, wannan cin mutunci ne."

"Ɗanladi ya sha nasa tun Talata bai mutu ba. Tuɓe."

Issifu ya matsa ya tsaya a bakin ƙofa, ya cika ta. Shamsu ya dubi hagu, ya dubi dama, ya zare kwat a hankali. Hannunsa na hagu, daga wuyan hannu zuwa gwiwa, duk hudar farcen shaho ce, uku a gaba ɗaya a baya, wasu sun bushe wasu sababbi. Ya sha kallon yadda nake rufe wa Najma ido, amma safar fatar da nake ɗaukarta da ita tana ƙarƙashin matashina a asibiti, don ba na rabuwa da ita.

Sai ya zube ƙasa ya rufe fuska. Ya ce ana gobe tafiya Madam ta kira shi ta ce ba a ba shi biza ba. Shi kuwa an riga an yi masa addu'a, an ba shi sautu, har mahaifiyarsa a Kano ta gaya wa unguwa. Ya kasa fitowa ya ce bai tafi ba. Ya kai su Madam filin jirgi, ya dawo ya kulle kansa a gidan, mai aikin Madam tana turo masa hotuna yana turo mana. Da ya ji na kwanta asibiti, sai wani dillali ya yi masa alkawarin abin da zai sa ya koma gida a matsayin wanda ya ci Turai. Shi ne ya haura katanga, ya tarar an bar ƙofar baya ba kulle, ya ɗauke Najma.

"Tana ina?" na ce.

"Banɗakin sama. Dillalin bai zo ba tukuna."

*

Motoci uku muka cika zuwa Gharrafa, ni a gaba. Shamsu ya buɗe ƙofar gareji da makullinsa. Tun daga matakala na yi kiran da nake yi mata, sai muka ji ƙararrawar ƙafarta ta amsa daga sama. Samari suka yi kabbara, Roseline ta ce haleluya, ba wanda ya hana wani.

Ta ɗan rame, gashin jela ɗaya ya karye, amma da na sa safata ta tako hannuna kamar jiya muka rabu. Ban bi ta ƙofar baya ba. Ta titi na zagaya da ita, a hankali, jama'a na biye da ni, masu gadin maƙwabta suna leƙowa, har na dasa ta kan turkenta.

Sannan na juya ga Wakili. "Katin."

Ya ciro ya miƙo mini.

"Ba nawa ba ne. A gaban mutane ka karɓa, a gaban mutane za ka mayar, da hannu biyu."

Ya mayar da hannu biyu, har da "ka yafe ni, ya akhi, ɗan'uwana." Ɗanladi ya riƙe katin yana kallo, sai matarsa ce ta ce, "To ka gode wa Baba mana, ka tsaya kamar turke." Waɗanda suka ce masu gyara ba su da amana kuwa, na bi su ɗaya bayan ɗaya da sanda har sai da kowa ya ba shi hannu. Muka koma Bin Mahmud, Rahmatu ta juye faranti biyun nan cikin babban tire ɗaya, ta sa wa Ɗanladi ƙashin da ya fi tsoka.

Da Abu Rashid ya sauka ya ji labari, ya sumbaci goshina a gaban 'ya'yansa, ya kuma ce daga yau duk esin gidajen danginsa Ɗanladi ne mai gyara. Ya so ya miƙa Shamsu ga 'yan sanda. Na ce a'a, tsuntsuwa ta dawo, yaron kuma yana da uwa, a sallame shi kawai. Ya ce don ni ya yarda.

Ni da Issifu muka raka Shamsu filin jirgi, ba liman, ba addu'ar taro. Ya tsaya da 'yar jakarsa yana kallon ƙasa. Na dafa kafaɗarsa na ce, "Ɗana, yau dai za ka hau da gaske. Ka zauna kusa da taga, ka buɗe ido. In mutanen unguwa suka tambaye ka awa nawa ne zuwa Kano, ka faɗi wanda bayanka ya ji."